Ɗiyan kunama na cinye uwassu ko a'a?

Inna Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan gida. Wallahi yau da asuba na ga abin al'ajabi, na ɗaga randar ruwa in share ƙarƙashi sai ga kunama kwance, bayanta cike da ɗiya farare tas kamar ƙwayar shinkafa, sun rufe ta ruf sai ƙari kaɗai ke waje. Na kife ta da kwano na aza dutse, har yanzu jikina rawa yake don nan Ummi ke zama tana wasa da ruwa

Kawu Garba: Wa alaikumus salam. Allah shi tsare gaba. Cin ta suke yi Hauwa'u, hakanan ɗiyan kunama suke, ba su sauka sai sun cinye uwassu sun bar ɓawo. Tun muna yara nan Argungu munka san haka, ni da idona na sha ganin ɓawon kunama cikin rumbu, ƙahwahu da ƙari duk suna nan amma ciki wayam.

Malam Bashir: Kawu Allah shi ƙara maka lafiya, a gafarce ni amma ba cin ta suke ba, goyo ne. Kunama ba ta kwai, ciki take ɗauka wata da watanni sannan ta haihu ɗaya bayan ɗaya, wata ashirin wata talatin, ko wane ya faɗo sai ya bi ƙafarta ya haye baya. Jikinsu taushi gare shi a lokacin, rana ko kiyashi na iya gamawa da su, shi ya sa take ɗauke da su har su yi saɓar farko, kamar sati ɗaya zuwa uku, sannan su watse. Kuma a kwanakin nan ba su cin komi, abincin da sunka fito da shi daga ciki shi ke riƙe da su.

Kawu Garba: To ɓawon da nig gani fa Bashiru, littafi za ka ce mani ya fi idona? Gani ya kori ji.

Malam Bashir: Ban musa abin da ka gani ba Kawu, ɓawon gaskiya ne. Kunama na saɓa kamar yadda maciji ke yi, sau biyar ko shida kafin ta kai girmanta, ta tsage ta gaba ta zare jiki ta bar rigar da siffarta cif har ƙarin, in ka tsince ta sai ka rantse an ƙwaƙule kunama ne. Haka in ta mutu a rumbu tururuwa su shige ta su cinye naman su bar ɓawo. Abin ma juye yake, uwar ce in yunwa ta matsa mata ko anka takura ta take kama ɗiyanta ta ci.

Aminu: Yaya Bashir tsaya ka rikita ni, in haihuwa take yi ke nan layi ɗaya take da akuya da saniya? mu a makaranta an ce mana mai haihuwa daban mai kwai daban

Malam Bashir: Nan ne ɗalibai ke faɗuwa duk shekara Aminu. Ba da haihuwa ake raba su ba, da nono ake rabawa da gashi. Macijiyar nan kasa, haihuwa take, tana iya zubo ɗiya talatin ko hamsin a lokaci guda, amma ba ta taɓa ba ɗa nono ba, maciji ce mai ɓamɓaroki a jiki. Kububuwa kuma da ke addabar manoma kwai take yi, haka kada da ke gulbi da damo da guza da kunkuru. A Ostiraliya akwai wata dabba filatifus, kwai take sakawa amma in ta ƙyanƙyashe nono take ba su, don haka tana cikin masu shayarwa. Jemage ma da ake cewa ba ya tsuntsu ba ya dabba, dabba ne cikakke, gashi gare shi ba gashin tsuntsu ba, haihuwa yake ya shayar.

Yaya Sa'adatu: Ni dai a bar zancen jemage, Inna ki ɗauke Ummi daga wurin randar nan. Mun sha karɓar yara asibiti da harbin kunama lokacin zafin nan, babba ya yi ihu ya warke amma ƙaramin yaro sai zufa da amai da dalalar miyau, numfashi ya rikice. In ta harbi yaro kar a tsaga kar a tsotse, a kawo shi da wuri. Allah shi raba mu da ƙwaron nan

Malam Bashir: Amin Yaya, maganarki ita ce gaba da komi. Amma ko kalmar ƙwaro da kinka ce, a ilimin halittu kunama ba ta cikin ƙwari.

Kawu Garba: A'a wagga kam ba ni yarda. Kunama ba ƙwaro ba? To mi ce, tsuntsuwa? Bahaushe ƙwaro yac ce da ita tun kakannin kakanni, kai yau za ka canza muna Hausa don Bature ya rubuta.

Malam Bashir: Ba na taɓa Hausa Kawu, a bakinmu duk ƙaramin abu mai rarrafe ƙwaro ne kuma daidai ne, ni ma haka nake cewa a gida. Masana ne sunka ƙirga ƙafa sunka ga gida biyu ne. Fara, sauro, kyankyaso, zuma, tururuwa duk ƙafa shida, jiki kashi uku, da 'yan ƙahonni biyu a ka, yawancinsu da fiffike. Kunama ƙafa takwas, ba ƙaho ba fiffike, waɗancan hannuwa biyu masu kama da awartaki ba su cikin lissafin ƙafa. Danginta su ne gizo-gizo da kaska. Kuma ka san wani abu, Baturen farko ra'ayinka gare shi, Liniyas mutumin Suwidin da ya tsara sunayen dabbobi a 1758 cikin ƙwari ya sa kunama da gizo, sai 1801 wani Bafaranshe Lamak ya ware masu gida nasu ya kira su arakinida.

Baffa Umaru: Zancen kaska gaskiya ne, yanzun nan na cire ɗaya a kunnen bijimi na ɗora a tafin hannu na ƙirga, takwas ne. Shekara nawa ina hulɗa da shanu ban taɓa kula ba. Amma Bashiru ƙananan nan jajaye da ke hawa ƙafar maraƙi fa?

Malam Bashir: Madalla Baffa. Ƙananan in sun fito daga kwai shida gare su, sai sun sha jini sun yi saɓa sannan biyun su fito su cika takwas.

Inna Hauwa'u: Ni tawa ja ce 'yar siririya ba duwu ba, ashe da sauƙi?

Malam Bashir: A'a Inna, ita ce abin tsoro. Duwu girma da baƙi ne ke firgita mutane amma ƙarfinsa na awartaki, dafinsa bai kai ba. Mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya ita ta dogara da dafi. Kunamu sun haura iri 2,500 a duniya, masu iya kisa ba su wuce ashirin da wani abu ba, kuma kusan duk daga wannan gidan na masu siraran hannuwa suke. Kar ki sa hannu ko kusa da kwanon.

Aminu: To wai duk duniya ba wata halitta da ɗiya ke cinye uwa ke nan, maganar su Kawu ba ta da tushe?

Malam Bashir: Akwai, kuma cikin dangin nata. Wasu irin gizo-gizo a Turai da kudancin Afirka, uwa kan ciyar da ɗiyanta har ta ƙare, daga baya su haye ta su tsotse ta ta mutu, masana sun gani sun rubuta. A gizo an tabbatar, a kunama ne ba haka ba.

Kawu Garba: Ka ji ko, ashe dai akwai. In gizo na yi, 'yar uwa tai mi za ya hana ta? Ni ban sauka ba tukuna. Hauwa'u kar ki kashe ta, Aminu shi zo da tsohon bokitin fenti mai marfi, a tura ta ciki da dogon icce a kawo mani shago inda ba yara, ni za ni riƙa dubawa kullum da sahe.

Malam Bashir: Na yarda Kawu. A huda marfin ƙananan huji, a zuba yashi da ɗan tsumma mai laima da fasasshen kasko da za ta ɓuya, a jefa mata kyankyaso ɗaya bayan kwana uku don kar yunwa ta sa ta far ma ɗiyan.

Yaya Sa'adatu: Aminu ka sa takalmi rufaffe, kuma Inna ki duba sauran tukwane da ƙarƙashin tabarma kafin magariba

Aminu: To Yaya, gani nan tafe bayan la'asar da bokitin.