Waɗanda suka taɓa zuwa kallon kofin Joe McDonagh, ya abin yake?

Baban 'yan biyu, Tullamore:
Salam 'yan uwa mazauna Ailan. Yarana sun shiga hurling a makaranta, ƙwallon sandar nan tasu, yanzu sun addabe ni sai na kai su kallon na manya. Maƙwabcina ya ce kar in wahalar da kaina da su Kilkenny da Limerick, in fara da kofin Joe McDonagh wai shi ne aji na biyu. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari, yana da daɗin kallo ko dai ɓata kuɗin tikiti ne?

Direban bas, Portlaoise:
Wa alaikumus salam. Malam ka je kawai. Ni ina O'Moore Park a 2019 ranar da Laois ta cinye Dublin, abokin aikina ne ya ja ni, lokacin ko lissafin maki ban iya ba. Abin da ya sa garin ya rikice shi ne sati ɗaya kacal da Laois ta ɗauki kofin McDonagh a hannun Westmeath, ana ta cewa yaran ko gajiyar biki bai sake su ba, ga Dublin kuwa 'yan ajin farko ne, wasan kuma sili ɗaya ƙwale ne wanda aka ci ya tafi gida. Aka tashi 1-22 da 0-23. Rafli na hura usur mutane suka tsallake shinge suka cika fili, wani tsoho da ke gefena ya riƙe min hannu yana kuka wiwi, ni ban san shi ba shi ma bai san ni ba. Kocinsu lokacin Eddie Brennan ne, tsohon ɗan wasan Kilkenny. Daga baya Tipperary ta fitar da su a Croke Park, babban filin nan na Dublin, amma wa ya damu, har yau in ka ɗauko zancen a cikin bas sai an tanka maka.

Baban 'yan biyu, Tullamore:
To wannan 1-22 ɗin ya ake karanta shi?

Direban bas, Portlaoise:
Lambar farko ƙwallon da ta shiga raga ce, maki uku. Ta biyu wadda ta wuce ta saman ƙarfe tsakanin sanduna, maki ɗaya. Kenan Laois 25, Dublin 23. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 70 ake yi.

Maman Ummi, Carlow:
Yaya ni shawarata ta uwa ce, ka kai su wasan gida kafin Croke Park. Mu Dr Cullen Park muke zuwa, filin ba shi da girma kana kusa da 'yan wasa har ƙarar haɗuwar sanduna kake ji kaf kaf, da farko gabana faɗuwa yake yi na ce yau sai an fasa wa wani kai, ga ƙwallon ƙarama kamar lemon zaƙi amma tauri ba a magana. Dukkansu da hular kwano suke bugawa, dole ce tun 2010. Abin da yara suka fi so shi ne hutun rabin lokaci, ana barin su su shiga fili da 'yan sandunansu, yara birjik kowa na dukan ƙwallonsa, ban san yadda ba sa ji wa juna ciwo ba wallahi. Kar su manta sandunansu a gida, kuka za ka sha. Kuma ɗan wasan da ka gani a fili ranar Asabar shi ne Litinin za ka gani yana koyarwa a firamare ko yana tuƙa tarakta, ba a biyan su albashi ko sisi, ƙwallon don kishin gunduma ake yi. A 2023 da Carlow ta ci Offaly da maki ɗaya bayan ƙarin lokaci garin nan bai yi barci ba, mu ma haka.

Baban 'yan biyu, Tullamore:
Hajiya kin tono mana ciwo kenan, nan Offaly ce fa.

Ɗalibi, Tralee:
Ciwo ai namu ne na Kerry. Wasan ƙarshe uku a jere, 2020, 2021, 2022, duk an cinye su, biyu Antrim ɗaya Westmeath. Na 2022 ɗin maki ɗaya ne tsakani, 5-22 da 4-24. Ni gaskiya ba zan ce komai daɗi ba ne. Nan Kerry ƙwallon ƙafarsu ta gargajiya ita ce sarki, hurling sai ƙauyukan arewacin gundumar, wasan da na je a Austin Stack Park kujeru fayau, ga ruwan sama ga iska, sai 'yan uwan 'yan wasa da wasu tsofaffi masu filas ɗin shayi. Wasan kansa ya yi zafi, amma sai ka ji tausayin yaran, horo tun sanyin hunturu kuma ba mai kallo.

Tsohon zama, Dublin:
Bari babba ya sa baki. Gasar nan a 2018 aka fara ta, sunan wani ɗan Galway ne da ya shugabanci GAA, hukumar da ke kula da wasan, daga 1997 zuwa 2000, ya rasu 2016. Kafin ita kofin Christy Ring ne aji na biyu tun 2005, kafin shi kuma akwai gasar B ta sili ɗaya ƙwale daga 1974 zuwa 2004. Ita McDonagh ɗin, a tsarin 2025, gundumomi shida ne kowa ya kara da kowa, biyun sama su yi wasan ƙarshe, wanda ya ci ya hau ajin manya, na ƙarshe ya faɗa Christy Ring da ya koma aji na uku. Kai kuma ɗana da kake Tullamore, ka tambayi maƙwabcin naka, Offaly sau huɗu ta ci kofin ƙasa baki ɗaya, 1981, 1985, 1994, 1998, amma ta zame har aji na uku a 2019. Shi ya sa na je wasan ƙarshe na 2024 a Croke Park da suka ci Laois 2-23 da 0-26, in ga yadda za su yi. Abin da bai min ba shi ne an sa wasansu a gaba kamar share fage kafin na Kilkenny da Dublin, filin da ke cin mutum sama da 82,000, ana ta fafatawa mutane na shigowa da ledar cips suna neman kujera. Ni a ganina a ba su ranarsu su kaɗai a fili madaidaici ya fi mutunci.

Direban bas, Portlaoise:
Baba ban yarda ba, yaran nan burinsu kenan su taka Croke Park. Ka tambayi 'yan Kildare da suka cinye mu 'yan Laois a 2025, kofinsu na farko a gasar, ko za su yarda a kai su wani fili.

Tsohon zama, Dublin:
Su taka mana, amma a cika musu shi.

Maman Ummi, Carlow:
Yaya ka sayi tikiti ta intanet tun a gida, ka zo da rigar ruwa ko da rana ta fito, kuma ka yi alwala kafin ka fito don wurin wanke ƙafa wahala ne a filayen nan. Yaran ka zaunar da su nesa da bayan raga.