Amber ko Agra, wanne zan je? Kwana biyu kawai gareni

Dan_Sabongari:
Salam jama'a. Na rako Baba asibiti nan Delhi, alhamdulillah jiki da sauƙi, likita yace sai Litinin za a sake duba shi kuma ƙanina zai zauna da shi. To ina so in ɗan leƙa gine-ginen sarakunan Mughal ɗin nan da muke gani a fim, wani mai tasi yace in je Amber kusa da Jaipur wai fada ce a kan dutse, wani kuma yace Agra. Duk na Mughal ne ko yaya abin yake?

UmmuHanan:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amber fa ba Mughal suka gina ba, sarakunan Rajput ne, Hindu. Raja Man Singh ya fara ginin a 1592, sai dai shi kwamandan yaƙin Akbar sarkin Mughal ne kuma gidansu surukan Akbar ne, shi yasa lambun ciki da adon bangon duk salon Mughal ne. Akwai ɗakin da ake kira Sheesh Mahal, ƙananan madubai aka manna a bango har rufi, mai yi mana jagora ya haska tocilan wayarsa wallahi sai kace taurari. Amma hawan akwai wuya, ni sai da na huta sau uku, wanda ya saba hawan Dala dai ba zai ji komai ba.

Malam_Tarihi:
Ɗan'uwa in Mughal na ainihi kake nema tafi Agra, jirgin ƙasa mai sauri ko awa biyu baya yi. Akbar ya soma ganuwar fadar Agra (Agra Fort) da jan dutse a 1565, jikansa Shah Jahan ya zo ya rushe wasu sassa ya maida su farin marmara, a ido kaɗai zaka raba aikin kaka da na jika. A nan Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan tun 1658 har ya rasu a 1666, daga barandar ana hango Taj Mahal a bakin kogin Yamuna. Washegari ka wuce Fatehpur Sikri, kamar kilomita 40, birni guda a kan tudu da Akbar ya bari a 1585.

Bakatsine:
Ka riƙe fasfo, kuɗin tikitin baƙi daban yake da na 'yan ƙasa. Kuma kar ka je Taj ranar Juma'a, a rufe yake. Birai ma ka kiyaye su, ayabata suka fizge a hannuna.

Dan_Sabongari:
Nagode sosai. Agra ɗin zan je Asabar in sha Allah, Amber sai in an sallami Baba.