Rauni a wajen aiki ga mai ciwon suga ko hawan jini

Ga abin da aka tsayar a tattaunawar da ma'aikatanmu na Apapa da Agege suka yi kan wanda ya ji rauni a bakin aiki alhali yana ɗauke da wata cuta.

Ciwon suga ne ya ci rabin zaman. Yana rage gudun jini zuwa ƙafa, ya kashe jin zafi, sai ƙusa ta soki mutum bai sani ba, gyambon da zai warke cikin mako biyu ya ɗauki watanni. Kuɗin magani ya ƙaru, kwanakin rashin aiki su yi yawa, wani ma har a yanke ƙafar. Mai hawan jini kuwa akan ɗage masa tiyata sai jinin ya sauka. Shan taba yana hana karaya haɗewa da wuri, ko da a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas aka yi ɗorin.

Shawarar da kowa ya amince da ita: kada a ɓoye wa likita cutar don tsoron kora. A ganina nan aka fi cutar kai.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aiki, cikin kwana 14 da jin raunin, shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, cikin kwana 7. Mai aiki ne ke zuba wa NSITF kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba ma'aikaci ba. A adana takardun asibiti da rasit, a tambaya tun yanzu ko kamfani ya yi rajista da NSITF, domin 'yan dako da masu gadi da yawa ba sa ciki.