Babur ɗina Haojue ba ya tsayawa a silo: in sayi sabuwar kafireta?

Sani (Aboabo, Kumasi): Salamu alaikum. Haojue 125 ne, ya tsufa. Da safe sai da cok (abin da ke rage iska, mai ya yi yawa) yake tashi, ina mayar da cok ya mutu. In ya yi zafi kuma silo (juyin inji yana tsaye, ba a ba shi wuta ba) ya hau da kansa, ya daɗe bai sauka ba. Fulogi sabo ne. Fita (makanike) ya ce kafireta ta gama aiki, in kawo sidi 350. In saya ko a gyara?

Mamudu: Canza fulogi.

Masta Iddi (Magazin): Ai ya ce sabo ne. Sani, dakata da saye. Injin da ba ya rabuwa da cok, iska ce ta fi mai yawa. Fara da robar da ke tsakanin kafireta da inji. Tayar da injin, ka fesa maganin wanke kafireta kaɗan a jikinta. In ƙarar injin ta canza, ta tsage, tana shan iska. In lafiya take, kwance kofin ƙasan kafireta, ciro ƙaramin jet (ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi), ɗaga shi ga rana. Dole ka ga haske ta ramin. Da iska ake busa shi, allura faɗaɗa shi take yi. Sukurun iska kuwa, murɗa shi a hankali har ya zauna, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Sai inji ya yi zafi za ka saita silo, wajen juyi 1,400 a minti.

Alhaji Tanko (Tafo): Wallahi abin nan na ƙona min rai. A karɓe wa yaro kafiretarsa ta asali, a ɗaura masa ta kwali mai sheƙi, jet ɗinta bai dace da injin ba, allurar fulot (mai tsayar da mai in kofin ya cika) na yoyo. Wata guda salansa na baƙin hayaƙi. Ya koma neman tsohuwar, a ce ta ɓace. In ka canza, ka tafi da taka gida.

Mamudu: 350? A Alabar 200 ne.

Razak: Ta 200 ita Alhaji ke faɗa. Mai kyau ta haura 500. Kuma Masta ya tsallake bawul. In ya matse, silo ba ya zama. A auna tazararsa inji na da sanyi, 0.05 zuwa 0.08 na milimita, gwargwadon injin.

Masta Iddi: Ɗana, wanda ya tsallake da wanda ya jera aiki daban ne. Roba minti biyu ce, bawul sai an buɗe kai.

Fuseini: Sani, ka ba shi koko da ƙosai da safe, zai tashi.

Alhaji Tanko: Ku bar wasa. Ku tambaye shi inda yake shan mai. Man kwalba na bakin hanya da ruwa da ƙasa yake zuwa, shi ke toshe jet. Zuba a farin kofi, ruwan zai kwanta a ƙasa.

Razak: Alhaji, har wasu gidajen man ma haka suke bayan ruwan sama.

Sani: To robar nawa ce?