Wa aka taɓa saka ɗansa a binciken asibiti kan kunne ko maƙogwaro?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Yarona ɗan shekara 6 yana minshari, har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Likita ya ce tonsil (naman da ke gefe biyu na maƙogwaro) da naman bayan hanci ne suka yi girma, kuma suna wani bincike: ƙuri'a za a yi, wasu yaran a yi musu tiyata yanzu, wasu a jira ana duba su. Ƙuri'ar nan ce ta tsaya min a rai. Don Allah wanda ya taɓa shiga ya ba ni labari.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Mu ɓangaren jira ƙuri'a ta ba mu. Ranar raina ya ɓaci, gani nake an hana 'yata magani. Mai binciken ta zaunar da ni, ta kawo min labarin wani aiki irinsa da aka yi a Amurka, CHAT, wanda ya fito a 2013. Yara 464 ne, masu shekara 5 zuwa 9. Bayan wata 7, kusan rabin waɗanda suka jira gwajin barcinsu ya daidaita ba a taɓa su da wuƙa ba, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa kashi 79 cikin 100. Tiyatar ta fi, amma jiran ma ba a banza yake ba. Tawa dai ba ta warware ba, daga baya aka yi mata aikin.

Uwargida: Nawa na kunne ne. Ruwa ya taru bayan dodon kunnensa, ina ta yi masa faɗan taurin kai, ashe ba ya ji ne sosai. Wata 3 suka sa muka jira, wai yawanci ruwan kan janye da kansa. Nasa ya janye, ba a kai ga saka masa ɗan bututun da ake sakawa a dodon kunne ba. Zaryar gwajin ji ce kawai ta gajiyar da ni.

Ma'aikaciyar Jinya: Maman Biyu, kar ki sa hannu a ranar da aka ba ki takardar amincewa da shiga binciken. Ki tafi da ita gida ki karanta. Ki tambaye su: idan jikinsa ya tsananta yana ɓangaren jira, me za a yi? Kina da damar janyewa duk lokacin da kika so, kuma hakan ba ya taɓa kulawar da ake ba shi. Shi ma yaron a yi masa bayani daidai hankalinsa.

Kawu: Ni ƙi na yi. Ɗana numfashinsa na tsayawa sosai da dare, ban iya jira ba. Babu wanda ya canza mana fuska.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka. Baban Yara, gwajin barcin nan kwana kuka yi a asibiti? Nawa ba ya yarda a manna masa ko filasta, balle wayoyi a ka.