Haɗa bakin kafet biyu ba tare da layi ya fito ba, wa ya san kan abin?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu aikin shimfiɗa kafet a taimaka min da shawara. Falo ne faɗinsa mita 5 da rabi, tsawo mita 7, shi kuma kafet ɗin da aka zaɓa faɗin naɗinsa mita 4 ne, kun ga dole sai an yi haɗi kenan babu makawa. Ni dai na saba da ƙananan ɗakuna inda falle ɗaya ke rufe ko'ina, amma haɗi ban taɓa yi da hannuna ba, kuma wanda nake gani a wurare wlh ba ya burge ni, wani layin ya fito fili tun daga bakin ƙofa kana hango shi, wani kuma bakin ya fara warwarewa zare na fita. Kafet ɗin mai yankakken gashi ne, ba zane a jikinsa, za a sa soso a ƙasa a kama shi da katako mai ƙusoshi a gefen bango. Tambayata, wane kayan aiki ne dole sai da su, kuma dutsen guga na gida zai iya narka gam ɗin tef ɗin da ake haɗin da shi ko sai na musamman? Sannan a ina ya kamata haɗin ya faɗo? Na gode.

Tsohon_Kafet:

Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa kafin mu zo maganar ayan, wato dutsen gugan nan na musamman na haɗi, bari mu fara da lissafi, domin a nan mutane ke asarar kafet. In ka miƙa shi ta tsawon mita 7, falle ɗaya mita 4 sai ragowar mita ɗaya da rabi, za ka sayi mita 14 kenan in kana son haɗi ɗaya tak, ko kuma mita 10 da rabi amma sai ka raba cikon gida biyu ka ƙara wani haɗin a gicciye, wanda ni ba na so ko kaɗan. In kuwa ka juya shi ta mita 5 da rabi, falle biyu sun rufe maka mita 7 har da rara, mita 11 ya ishe ka, haɗi ɗaya kuma gajere. Ka ƙara kamar santimita 10 a kowane falle saboda bango ba ya taɓa miƙewa yadda kake zato.

Amma taga ce ke yanke hukunci. Haɗi ana so ya nufi inda haske ke shigowa, ya tafi tare da hasken, in haske ya ratsa shi ta gefe to ko ɗan tudu ne ƙanƙani sai ya yi inuwa kowa ya gani. Kuma kar ya faɗo daidai inda ake shigowa ana juya ƙafa.

Kayan aiki kuwa: tef mai gam da zafi ke narkawa, ayan ɗin haɗi, doguwar rula ta ƙarfe, wuƙar kafet da sabbin reza da yawa, gam ɗin toshe baki, rola ta danne haɗi, da katako mai santsi da za ka sa a ƙarƙashi. Abin da zan ce maka ka riƙe shi ne, haɗi a wurin yanka yake kyau ko ya lalace, ba a wurin zafi ba. Bakin da ya zo daga kamfani kar ka yi amfani da shi, a cire kamar inci ɗaya zuwa biyu daga kowane gefe. Ka sami sukudireba mai dakushin baki ko basilla da ba ta da tsini, ka tura ta tsakanin layuka biyu na saƙar daga sama, gashin zai buɗe maka hanya, sai ka bi hanyar nan da abin yanka mai tafiya a tsakanin layi. Ta haka bayan kawai ka yanka, gashin ba ka aske shi ba. In ka aske gashin bakin to shikenan, duk gwanintarka layi zai fito don babu abin da zai rufe shi. Wani kafet ɗin layukansa ba sa biyuwa, irin wannan sai ka kifa shi ka ɗora rula ka yanka ta baya, rezar ta taɓa bayan kawai kar ta nutse cikin gashi. Kuma ka riƙa canja reza tun kafin ka ji ta dakushe.

Bayan yanka sai toshe baki, wannan shi ne abin da yawancin masu gaggawa ke tsallakewa kuma shi ne sanadin warwarewar da ka ce kana gani. Siririn gam za ka bi gefen yankan da shi, daidai inda gindin gashin ya haɗu da bayan, kar ya taɓa gashin sama. Tef yana riƙe falle biyu ne ta ƙasa, bai san da zaren bakin ba.

Sharp_Sharp:

Kai Oga wannan duk dogon turanci ne. Ni tef mai manne fuska biyu nake sawa a ƙasa in danne bakin biyu a kai, in shafa ɗan gam, an gama. Ayan ɗin haɗi kuma ai ba kowa ke da shi ba, dutsen guga ma zafi ne ai, zafi kuma duk ɗaya ne.

Tsohon_Kafet:

A'a malam, zafi ba ɗaya ba ne. Ayan ɗin haɗi a ƙarƙashin kafet yake tafiya, a kan tef, hannunsa siriri ne yana fitowa ta tsakanin bakin biyu, ƙasansa da kwari-kwari don kar ya kwashe gam ɗin ya tura gaba, samansa kuma da mayafi da ke tare zafi kar ya dafa bayan kafet. Dutsen guga fa? In ka ɗora ta sama, kafin zafin ya ratsa ya isa ga tef ka riga ka toya gashin. Yawancin kafet ɗin nan na roba ne, wanda aka yi da folifurofilin a wajen digiri 160 zuwa 165 yake narkewa, nailan ya fi juriya sai sama da 200, amma shi ma bayansa galibi folifurofilin ne, tun kafin ya narke ma zai takure ya murɗe. In ɗan ƙaramin yanki ne da za ka iya kifawa ka yi gugar ta bayan takardar tef ɗin, eh wannan yana yiwuwa, amma mita 5 da rabi a kan soso wa zai kifa maka?

Shi kuma tef mai fuska biyu, a kafet mara soso da aka shimfiɗa na ɗan lokaci, irin na wurin taro da za a naɗe gobe, ba laifi. Amma shi wannan bawan Allah ja zai yi ya kama a ƙusoshi, ranar da aka ja ranar haɗin zai buɗe baki.

Ummu_Deko:

Ni ba shimfiɗawa nake ba, tsara ɗaki nake yi, amma na sha ganin aikin da ya yi kyau ta kowace fuska sai dai falo ya zama kala biyu. Dalili kuwa an juya falle ɗaya. Gashin kafet yana da kwanciya, shafa shi da tafin hannu za ka ji ta wani gefen santsi ta wani gefen yana tashi yana ƙara duhu, to dole falle biyun su kwanta fuska ɗaya. Wasu kamfanonin suna buga kibiya a baya, in babu kai ka zana da alli kafin ka raba shi daga naɗin, don da zarar an yanka an jujjuya a tsakar ɗaki mutum sai ya rikice. Sannan dan Allah duka daga naɗi ɗaya, ko aƙalla rini ɗaya, akwai lamba a jikin takardar naɗin. Kar ka sayi rabi yau ka ce in an sami hali a ciko, sunan kala ɗaya ne amma rinin wata rana daban yake fita kuma a haɗi ne ido ke kamawa.

Wani abin da mutane ba sa son ji, babu haɗin da ba a gani kwata-kwata. Mai dogon gashi yana ɓoyewa sosai, mai gajeren gashi mai haske kuma ba zane shi ya fi tona asiri. Gara ka faɗa wa mai gidan tun yanzu kar daga baya ya ce an cuce shi.

Sabon_Hannu:

Allah ya saka da alheri, gsky na ƙaru. Babbar tagar tana jikin dogon bangon ne na mita 7, kenan lissafin mita 11 ɗin ya yi daidai ko Oga? Ayan ɗin zan nemi aro. Abin da ya rage min shi ne yadda ake tafiyar da shi ɗin, da kuma wannan tudun da haɗi ke yi bayan an ja, me ke kawo shi? Na ɗauka gam ne ya yi yawa.

Tsohon_Kafet:

Ya yi daidai, haɗinka zai nufi taga kenan, ka yi sa'a. Kuma tunda kana da rarar kusan mita ɗaya kana iya matsar da shi dama ko hagu, ka duba inda doguwar kujera za ta zauna ko inda ba a cika takawa ba. Ka lura kuma kar haɗin soson ya zo daidai ƙarƙashin na kafet, ko dai ya gicciye shi ko ka kauce da aƙalla inci 6.

Ka warware kafet ɗin ya kwana a ɗakin, awa 24, ya saki jiki. Washegari ka jera bakin biyu a bushe tukuna ka gani, su taɓa juna kawai, ba gibi ba hawa kan juna. In akwai inda bai zauna ba yanzu ne lokacin gyara. Sai ka zura tef a ƙasa, gam yana kallon sama, layin tsakiyarsa daidai mahaɗar, katakon nan kuma a ƙarƙashin tef don soso yana lotsawa ba zai bari ka danna da kyau ba. Ayan kar ka ƙure masa wuta, matsakaici, ka gwada a guntun da ka yanke tukuna. Ka ajiye shi a kan tef har gam ya narke sosai, sai ka tura gaba kamar tsawon ayan ɗin, ka bi kwanciyar gashi ba ka saɓa mata ba. Da ya matsa sai ka haɗa bakin biyu da yatsu a bayansa, baya ya taɓa baya, kana ɗaga gashin kar ko sili ɗaya ya faɗa cikin gam, in ya faɗa ka zaro shi da basilla tun da zafinsa. Sannan rola. Tunda naka mai yankakken gashi ne ka yi amfani da rola mai santsi, mai haƙoran nan kamar taurari tana yamutsa gashi in yana da zafi kuma tabon ba ya gogewa, ta fi dacewa da kafet mai madauki, wanda ba a yanke gashinsa ba. Sai ka ɗora nauyi yana bin ka a baya. Kar ka ɗora akwatin kayan aiki na ƙarfe kai tsaye, yana tare zafi da gumi ya bar shaida a gashin, sa katako tukuna sai nauyin a kai. In ka gama ka bar shi ya huce sarai kafin ka ja, gam mai ɗumi bai riƙe komai ba.

Tudun da ka tambaya kuwa ba yawan gam ba ne. In aka ja kafet ƙarfin jan yana bi ne ta cikin bayansa, da ya iso haɗi sai ya zama tef ne kaɗai ke ɗauke da shi, shi kuma tef yana ƙasa da bayan, to sai ya taso yana neman daidaita da layin jan, ya tura bakin biyu sama. Zafi mai yawa kuma yana ƙara ɓata abin. Maganinsa tef mai faɗi, inci 6 maimakon na inci 3 ko 4, da kuma ka fara jan kafet ɗin ta tsawon haɗin kafin ka manna, sannan ka fi ba da ƙarfi ta tsawon, ta gicciye kuma a hankali. Toshe bakin nan ma yana taimakawa don yana manne baya da baya.

Injiniya_B:

Ƙari kaɗan a kan maganar ja. Abin dukan gwiwar nan da ake ce wa kika ba shi ne na jan falo ba, aikinsa ya saita kafet ya maƙala shi a ƙusoshi. Falo mai mita 7 sai babban majanyi mai dogon bututu da ke tokare bangon can. Ƙa'idar da hukumar kafet ta Amurka, CRI, ta bayar ga irin wannan kafet mai bayan roba ita ce a ja shi aƙalla kashi 1 cikin ɗari, a mita 7 kenan aƙalla santimita 7, gwiwar mutum ba za ta ba da wannan ba sai dai ta ba shi ciwo, bayan 'yan watanni kuma kafet ya fara tattarewa.

Akwai kuma wata na'ura Kool Glide, ita ta saman kafet take bi, ba ta zafi a jikinta, tef ɗinta na musamman ne da ke ɗaukar zafi daga ƙasa, don haka kana iya jera bakin ka gamsu kafin ka manna, in bai yi ba ka sake ɗumamawa ka gyara. Sai dai ba ta aiki da tef na gama-gari.

Sharp_Sharp:

Toh na ji, amma da can kafin a ƙirƙiro duk waɗannan fa da me ake yi?

Tsohon_Kafet:

Da allura da zare malam, lanƙwasasshiyar allura da zaren lilin mai kakin zuma, a ɗinke ta baya sannan a shafe da gam. Har gobe saƙaƙƙen kafet irin su Axminster da Wilton akwai masu ɗinke shi da hannu, kuma wannan ya fi ayan wuya nesa ba kusa ba. Sabon_Hannu, wannan rarar mita ɗayan kar ka yar, ka yanka ta gida biyu ka yi haɗin gwaji tun daga yanka har rola, sannan ka lanƙwasa shi ta baya ka ja da ƙarfi. In ya buɗe ko tef ya ɓare ba gam a jikin bayan, ayan ɗinka bai daɗe a wurin ba, ka rage sauri ka sake.