Wane laburaren lissafi kuka ɗora wa kompailarku?

Mai tambaya, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Muna haɗa ƙaramar kompaila, wato shirin da ke fassara lambar da aka rubuta zuwa umarnin da kwamfuta ke ganewa, mun kai wurin zaɓen laburaren (tarin shirye-shiryen da aka riga aka rubuta) da zai lissafa sin, exp, log da pow. Ƙa'idar IEEE 754, wadda ta tsara yadda kwamfuta ke lissafi da lambobi masu ɗigo, ta wajabta cikakken daidaito a tarawa, ragewa, ninkawa, rabawa da sqrt, amma a kan waɗannan huɗun shawara kawai ta bayar. Wanda ya taɓa yin wannan zaɓi, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin kwamfuta, Tahoua:
Wa alaikumus salam. Mu fdlibm muka ɗauka, laburaren da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1993, domin kuskurensa bai kai ULP ɗaya ba, wato tazarar da ke tsakanin lambobi biyu maƙwabta. Wahalar da muka sha daga wani wuri ta fito: idan kompailarmu ta ga sin na tsayayyiyar lamba, takan lissafa shi tun lokacin fassara da laburaren kwamfutar da take kai, shirin kuma fdlibm yake kira idan yana aiki, sai lissafi guda ya ba da amsa biyu da suka saɓa a bit na ƙarshe, kwatancen == ya ce ba daidai suke ba. Sai da muka sa laburare ɗaya a wuraren biyu muka huta.

Injiniya, Yamai:
Gaskiyarka, Malam. Ni aikina hotunan tauraron ɗan Adam ne, sauri ya fi damuna, don haka na koma SLEEF, wanda yake lissafa lambobi da yawa a umarni ɗaya. Yana da nau'in ULP 1.0 da na 3.5, kuma na biyun ya ishe ni.

Ɗalibar digiri na biyu, Yamai:
Malamaina, abin da na fi amfana da shi gwaji ne. Lambobi masu ɗigo nau'in float masu bit 32 kusan miliyar 4.3 ne kacal, saboda haka na bi su kaf ina kwatanta amsar exp da ta MPFR, laburare mai cikakken daidaito, wanda kompailar GCC ma da shi take lissafa tsayayyun lambobi. A double mai bit 64 hakan ba ya yiwuwa, sai dai a ɗebi samfuri, kuma lallai a sa manyan lambobi kamar 1e22 (1 da sifiri 22 a bayansa) cikin gwajin sin, domin can ne ake gane laburaren da ya riƙe pi da isassun bit. Idan amsa ɗaya kuke so a kowace na'ura, ku duba CORE-MATH na cibiyar Inria a Faransa, wanda ke ba da cikakken daidaito.

Mai tambaya, Yamai:
Mun gode ƙwarai. Ƴar'uwa, ko za ki turo mana shirin gwajin naki mu fara da shi?